Kula da Barewar Hamada da ke Tsare: Abinci, Lafiya da Ɗebe Kewa

Gabatarwa

A garuruwan hamada irin su Dirku da Bilma na yankin Kawar, cikin jihar Agadas, akan tarar da barewa a tsakar gida ko a cikin garka. Wata an kamo ta tun tana jaririya, wata kyauta aka bayar da ita, wata kuma ma'aikatan gandun daji ne suka ƙwace ta daga hannun mafarauta. Da yawa daga cikin irin waɗannan barewa ba sa daɗewa a raye, ko da kuwa mai su na ba su abinci da ruwa a wadace. Dalili shi ne naman daji da aka tsare yana buƙatar fiye da cika ciki. Yana buƙatar ya yi abubuwan da aka halicce shi da su: neman abinci, gudu, ɓuya da zama da 'yan uwansa. Idan kana riƙe da barewa, ko an ɗora maka aikin kula da ita, ga bayanin abin da ya kamata ka yi kowace rana.

Wace irin dabba ce barewar hamada?

Barewar hamada, wadda masana ke kira dorkas, ƙaramar dabba ce da nauyinta bai cika wuce kilo 15 zuwa 20 ba. Namiji da tamata duk suna da ƙaho, sai dai na namiji ya fi kauri. Tamata na ɗaukar ciki kimanin wata 6, ta haifi ɗa guda a mafi yawan lokuta. Idan ta samu kulawa mai kyau tana iya wuce shekara 12 a tsare.

A daji abincinta ganyen itatuwa ne da 'ya'yansu da ɗanyen tsiro. Tana tsinkar kaɗan a nan, kaɗan a can, tana tafiya mai nisa. Tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, domin tana samun laima daga abin da take ci. Takan yi kiwo da sassafe da yamma da kuma cikin dare, ta kwanta a inuwa idan rana ta take. Makaminta guda ɗaya ne, wato gudu. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma haka abin yake: ko wadda aka haifa a gida tana ɗauke da wannan hali na firgita da zabura. Duk tsarin kula da ita a kan wannan hali ake gina shi.

Doka da batun kamu

A Jamhuriyar Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji. Kama naman daji ko riƙe shi sai da izinin hukuma. Saboda haka matakin farko shi ne ka je ofishin ma'aikatan gandun daji mafi kusa da kai ka sanar da su dabbar da ke hannunka.

Kada ka sayi ɗan barewa a kasuwa ko a bakin hanya, ko da tausayi ne ya kama ka, domin sayen yana ƙarfafa masu kamawa su koma daji. Haka kuma idan ka ga ɗan barewa kwance shi kaɗai a gindin itace, kada ka ɗauka maraya ne. Uwar kan ɓoye ɗanta a makonnin farko, ta tafi kiwo, ta dawo ta shayar da shi. Wanda ya ɗauke shi, shi ne ya mayar da shi maraya.

Wurin zama

Kada ka ɗaure barewa a turke kamar akuya. Igiya na ji mata ciwo a ƙafa, kuma idan ta zabura tana iya karya ƙashinta. A yi mata fili mai faɗi gwargwadon hali, wanda za ta iya gudu a ciki, tare da kiyaye waɗannan abubuwa:

- Shinge ya kai tsawon mita 2. Idan na waya ne, a jingina masa zana ko ganyen dabino domin dabbar ta gan shi. Barewar da ta firgita ba ta ganin siririyar waya, takan afka mata ta karya wuya.
- A guje wa lungu mai tsini. Kusurwa mai lanƙwasa ta fi, domin dabbar ta bi gefe ta wuce maimakon ta yi karo.
- A samar da inuwa a wuri biyu ko fiye. A Kawar zafi kan haura digiri 43 a watannin Mayu da Yuni, sannan a Disamba da Janairu dare kan yi sanyi ƙwarai. Rumfa mai kariya daga iskar hunturu za ta yi amfani a lokutan biyu.
- Ƙasar wurin ta haɗa rairayi da tsakuwa. Rairayi don kwanciya, tsakuwa don ta riƙa cinye kofato, wanda kan yi tsawo ya lanƙwashe idan dabba ba ta taka wuri mai tauri.
- A nisanta wurin da karnuka, da hanyar motoci, da injin wuta. Dirku zango ne a kan hanyar Agadas zuwa Libiya, ƙarar manyan motoci ba ta yankewa, don haka ɓangaren gida mafi shiru shi ya dace.

Aikin kowace rana

Da asuba, kafin ka shiga, tsaya daga waje ka dubi dabbar na 'yan mintoci. Ta tashi tsaye da kanta? Tana taka ƙafafu huɗu daidai? Idonta da hancinta a bushe suke? Tana tuƙa? Sannan ka shiga a hankali, kana yi mata wata 'yar murya da ta saba ji, don kada ta firgita. Zai fi kyau mutum ɗaya ko biyu su riƙa wannan aiki, a lokaci guda kullum.

Ka dubi kashinta kafin ka share. Kashin lafiyayyar barewa ƙanana ne, busassu, a rarrabe. Idan ya dunƙule ko ya yi ruwa, akwai matsala a abinci ko a ciki. Ka kwashe ragowar abincin jiya, ka wanke kwanon ruwa ka zuba sabo. Barewar da ke tsare na cin busasshen abinci fiye da ta daji, saboda haka dole ruwa ya kasance a gabanta koyaushe.

Ka tsince kowace leda, da igiyar roba, da guntun waya. Leda na taruwa a tumbin dabba ta toshe shi, dabbar ta rame har ta mutu alhali tana cin abinci.

Da tsakar rana a bar ta ta huta. Ba lokacin kawo baƙi ko yara su kalle ta ba ne. Da la'asar a kawo kashi na biyu na abinci, a bar mata isasshen ganye na dare. A ƙarshe ka rubuta a ɗan littafi abin da ta ci, da abin da ta bari, da duk wani sauyi da ka gani. Wannan rubutu shi ne abin da likitan dabbobi zai fara tambaya.

Abinci

Babbar barewa na cin kimanin rabin kilo na busasshen abinci a rana, ko fiye da haka idan ɗanye ne. Mafi yawansa ya zama ganye: rassan kandili da bagaruwa da aduwa da magarya, da 'ya'yan kandili ko na gawo idan an samu. Ana iya haɗawa da harawar wake ko ta gyaɗa, da ciyawar alfalfa da ake nomawa a garake, bayan an bar ta ta ɗan sha iska.

Kuskuren da ya fi kashe barewa a gida shi ne hatsi. Gero da dawa da masara da tuwo da burodi, idan suka yi yawa, suna tsami a tumbi. Dabbar ta kumbura, ta yi zawo, ta daina tuƙa, wani lokaci ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Dabino ma haka yake saboda zaƙinsa. Idan za ka ba da dusa, kada ta wuce cikin tafin hannu a rana. Duk sabon abinci a shigo da shi kaɗan kaɗan cikin mako guda ko biyu. A ajiye mata ɗan guntun kantun gishirin Bilma ta riƙa lasa.

Tun da ruwan saman da ake samu a Kawar bai cika kai milimita 20 a shekara ba, itatuwan yankin ba su da saurin tofowa. Ka yanki ƙananan rassa daga itatuwa dabam dabam, kada ka sassabe itace guda.

Ɗebe kewa

A daji barewa na kwashe awoyi masu yawa tana neman abinci. A gida kuwa takan cinye abin da ke cikin kwano cikin ɗan lokaci, ta wuni ba abin yi. Daga nan sai ka ga tana kai da komo a gefen shinge har ta yi hanya, ko tana lasar bango, ko tana tauna ƙarfe. Waɗannan alamun ƙunci ne. Masu kula da gidajen namun daji a duniya sun daɗe da gane haka. Tun tsakiyar ƙarni na 20 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Heini Hediger, wanda ya shugabanci gidajen namun daji na Basel da Zurich, ya nuna cewa tsarin wurin da dabba ke zaune da abin da ke cikinsa na da muhimmanci kamar faɗinsa. Ga hanyoyin da ba sa cin kuɗi:

- Rataya rassan ganye a wurare dabam dabam, wasu ƙasa, wasu sama kaɗan yadda sai ta miƙa wuya ko ta ɗaga ƙafafun gaba.
- Watsa 'ya'yan kandili cikin rairayi mai tsabta ko cikin harawa, ta nema da hanci.
- Sauya wurin abinci da irin ganye daga rana zuwa rana, amma kada ka sauya lokacin bayarwa.
- Tara tudun rairayi da za ta hau ta hangi nesa, ka kafa zana a tsakiyar fili da za ta ɓuya a bayanta.
- Kafa kututture ko reshe mai kauri. Namiji na goga ƙaho da fuska a jikinsa don ya bar ƙamshinsa.
- Namiji kan tara kashinsa a wuri guda don shaida iyakarsa. Idan kana shara ka bar masa kaɗan a wurin.

Kowane sabon abu a saka shi daga gefe, a bar dabbar ta matso da kanta. Idan ta ƙi kusantarsa bayan kwana biyu, a cire.

Babban maganin kewa shi ne 'yar uwa. Barewa dabbar garke ce. Mata biyu ko uku na zama lafiya tare, da namiji guda. Manyan maza biyu a ƙaramin fili kuwa faɗa za su yi har ɗaya ya ji rauni. Ka kuma yi hattara da namijin da aka raina da hannu: idan ya balaga ba ya tsoron mutum, yana iya sukar yaro da ƙaho.

Alamun ciwo

Naman daji na ɓoye ciwonsa, don haka idan alama ta bayyana abin ya riga ya yi nisa. Ka nemi likitan dabbobi a ranar da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙin cin abinci, zawo, kumburin ciki, majina ko kwantsa, gyambo a baki, ɗingishi, ko keɓewa da sunkuyar da kai.

Kada barewa ta sha ruwa ko ta ci abinci a kwano ɗaya da awaki da tumaki. Annobar ƙananan dabbobi da likitoci ke kira PPR tana kama barewa ma, tana kuma kashe ta. A yi wa bisashen gidan rigakafi, a duba barewar don kaska da tsutsar ciki.

Kada ka kori barewa don ka kama ta. Doguwar kora da tsananin tsoro na lalata naman jikinta: ta kasa tsayawa, fitsarinta ya yi duhu, ta mutu bayan awoyi ko kwanaki. Idan kamun ya zama dole, a yi shi da sanyin safiya, cikin gaggawa, a rufe mata ido da ƙyalle, a riƙe ta a kan ƙirjinta ba a kan gefe ba.

Me ya sa wannan aiki ke da muhimmanci?

Namun dajin Sahara sun ragu ƙwarai saboda farauta da mota da kuma fari. Ƙungiyar IUCN ta saka barewar hamada cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Don kare irinsu ne Nijar ta kafa gandun Azbin da Tenere a 1988, wanda UNESCO ta saka cikin kayan gadon duniya a 1991, sannan ta kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012.

Inda dabba ta ƙare a daji, waɗanda ke tsare su ne kaɗai iri. Jimina mai jan wuya ta ɓace daga dajin Nijar, kuma tsirarun da aka riƙe a hannu ne aka yi kiwonsu a Iferwan da Kelle da Maine-Sorowa, da tallafin ƙungiyar Sahara Conservation Fund, da nufin mayar da 'ya'yansu daji. A shekarar 2000 aka bayyana cewa mariri, babban naman dajin nan fari mai dogon ƙaho kamar takobi, ya ƙare a daji. A 2016 aka kawo wasu daga Abu Dhabi aka sake su a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na ƙasar Cadi, suka hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Wannan nasara ta samu ne domin masu kiwo sun riƙe dabbobin cikin lafiya, ba su kuma bari halinsu na daji ya mutu ba.

Ka tuna

Kada ka saki barewar gida a daji da kanka. Ba ta san inda abinci yake ba, ba ta tsoron mutum, tana kuma iya kai wa na daji cuta. Idan riƙon ya fi ƙarfinka, miƙa ta ga ma'aikatan gandun daji. Muddin kuwa tana hannunka, amana ce: ka dube ta kowace safiya, ka yawaita mata ganye, ka rage hatsi, ka ba ta wurin gudu da na ɓuya, ka kuma sama mata abin yi kowace rana.