Zalika Souley: jarumar da ta ɗaga sunan Nijar a sinima, amma sana'ar ta kasa riƙe ta

A ranar 27 ga watan Yulin shekarar 2021 ne Allah ya yi wa Zalika Souley rasuwa a birnin Yamai, bayan ta haura shekaru 70 a duniya. Masana harkar sinima na lissafa ta a cikin mata na farko da suka ɗauki wasan fim a matsayin sana'a a ƙasashen Afirka baƙar fata. Sai dai idan aka tare matashin da ke kallon fim a wayarsa a kasuwar Diffa, ko a Mainé-Soroa, ko a Bosso, aka ce ya lissafo jaruman da ya sani, na Kano da na Indiya zai fara ambata, kuma da wuya sunan Zalika ya faɗo a bakinsa. Ba laifinsa ba ne. Yadda aka yi macen da aka kalli fina-finanta a Cannes da Mosko da Wagadugu ta zama baƙuwa a ƙasarta, labari ne da ke da darasi ga duk wanda ke sha'awar wannan sana'a a yau.

Daga hular kaboyi aka fara

An haifi Zalika a Yamai a shekarar 1947. Ba ta kai shekara 20 ba lokacin da Moustapha Alassane ya saka ta a fim ɗinsa mai suna Le Retour d'un aventurier a 1966. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi. Kowa ya canza suna, suka hau dawaki suka hana mutanen ƙauye sakat. Zalika ce mace ɗaya a cikin gungun, ta fito da sunan Reine Christine, sanye da wando, a bisa doki. A Nijar ta wancan lokaci, shekara 6 kacal da samun ƴancin kai, ganin budurwa da irin wannan shiga a allon sinima ba ƙaramin abu ba ne.

A shekarun nan Yamai na cikin biranen da suka fi tashe a harkar fim a yammacin Afirka. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya daɗe yana ɗaukar fina-finai a bakin kogin Isa, ya taimaka wa matasa da dama suka koyi riƙe kyamara. Cikinsu har da Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indochine, ya yi dako a tashar jiragen ruwan Abidjan, kafin Rouch ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Da Ganda ya koma shirya nasa fina-finan, Zalika ce ta zama jarumarsa.

Ta fito a Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga yaƙi da kuɗi a aljihu, abokai da ƴan mata suka taya shi cinyewa, suka watse suka bar shi. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa a 1969, ya kuma samu lambar yabo a Mosko a wannan shekarar. Daga nan sai Le Wazzou polygame, wanda ya lashe Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Wannan shi ne karo na farko da aka ba da kyautar, kuma Nijar ce ta ɗauke ta. Ta kuma fito a FVVA na Moustapha Alassane, wanda ke caccakar ƙananan ma'aikatan da ke wawurar dukiya domin mace da mota da gida da kuɗi, sannan a Saïtane na Ganda, labarin wani malamin tsibbu da ya zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani attajiri.

Muguwar kishiya a allo, abin zagi a titi

Yawancin matsayin da ake ba Zalika na mace mai taurin kai ne: karuwa, ko matar aure mai cin amana, ko kishiya mai baƙin ciki. A Le Wazzou polygame ta fito a matsayin matar wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya nemi ƙara aure da yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kishi ya kai matar ga kisan kai a daren biki. Ganda ya shirya fim ɗin ne domin ya nuna ɓarnar auren dole da yadda mai kuɗi ke fakewa da addini. Amma da yawa daga cikin ƴan kallo ba su raba tsakanin mai wasa da matsayin da aka ba ta ba. Gwanintar da ta sa alƙalan gasa suka yaba mata, ita ce ta ja mata zagi da tsangwama a gari, har wasu na ɗaukar cewa halinta ke nan na gaskiya.

Wannan matsala ba ta mutu ba. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finan Hausa ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar Kano saboda wani bidiyon waƙa, lamarin da ya jawo muhawara mai zafi a Najeriya da Nijar. Har gobe macen da ta shiga fim tana biyan farashin da abokin wasanta namiji ba ya biya.

Irin wannan matsayi, wata ƙasa, wani sakamako

Domin a gane abin da ya samu Zalika, yana da kyau a dubi wata jaruma daga nesa wadda ta yi suna da irin matsayin nan. María Félix ƴar ƙasar Meziko ce, an haife ta a 1914, ta rasu a 2002. Fim ɗin Doña Bárbara na 1943 ne ya fito da ita, inda ta fito a matsayin mai gonaki da shanu, marar tausayi, mai juya maza yadda ta ga dama. Daga nan mutanen ƙasarta suka laƙaba mata La Doña, ma'ana uwargida mai faɗa a ji, sunan ya bi ta har kabari. Ta yi fim 47, ta samu kyautar Ariel ta jarumar da ta fi kowa har sau 3, ta yi aiki a Sifaniya da Italiya da Ajantina da Faransa, inda ta fito a French Cancan na Jean Renoir, kuma ta ƙi amsa tayin Hollywood. Ta rayu cikin wadata har ƙarshen ranta.

Ba za a ce María ta fi Zalika iya mugunta a allo ba ne ya sa ta yi arziki. Bambancin yana ga abin da ke bayan kowacce. A zamanin da ake kira na zinariya a sinimar Meziko, wato daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa ƙarshen na 1950, ƙasar na da cikakkiyar masana'anta. An kafa bankin da ke ba masu shirya fim bashi a 1942. An buɗe katafaren gidan ɗaukar fim na Churubusco a 1945. Ƴan wasa na da ƙungiyar ƙwadago mai kare albashinsu tun 1934. A lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta riƙa ba Meziko kayan ɗaukar fim, kasancewarta ƙawa a yaƙin. A farkon shekarun 1950 ƙasar na fitar da fim sama da 100 a shekara, ana haska su daga Kuba har Ajantina, domin duk harshe ɗaya ake ji. Kowane tikiti da aka saya, wani kaso na komawa ga wanda ya zuba jari, shi kuma ya biya jaruma ya sake shirya wani fim.

Ina kuɗin fim ɗin Nijar ya shiga?

A Nijar wannan zagaye bai taɓa haɗuwa ba. Na farko, gidajen sinima da harkar rarraba fim a ƙasashen renon Faransa na hannun kamfanonin Faransa biyu ne, COMACICO da SECMA. Sun fi samun riba idan suka haska tsofaffin fina-finan kaboyi da na Indiya da suka sayo da araha, a kan su sayi sabon fim na ɗan ƙasa. Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ta karɓe gidajen sinimarta a 1970 saboda wannan dalili. Daga baya ƙasashen yankin suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta rarraba fim mai suna CIDC a Wagadugu, amma ba ta yi tsawon rai ba.

Na biyu, kuɗin shirya fim yawanci daga tallafin Faransa ko na gwamnati yake fitowa, kuma aikin wanke fim da haɗa shi a Turai ake yi. Tallafi kan isa a gama fim ɗaya, ba ya isa ya zama albashin ɗan wasa na shekara da shekaru. Jaruma kamar Zalika na iya yin fim ɗaya ta jira shekara biyu ko uku kafin wani ya samu.

Na uku, Oumarou Ganda ya rasu a ranar 1 ga watan Janairun 1981, jim kaɗan bayan fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé. Rasuwarsa ta zo daidai da faɗuwar farashin uranium da tsuke bakin aljihun gwamnati. Zalika ta ƙara fitowa a Aube noire na Djingarey Maïga da Pétanqui na ƙasar Côte d'Ivoire a 1983, daga nan aiki ya ja baya. Kaset ɗin bidiyo ya shigo, gidajen sinima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Rahmatou Keïta ce ta nuna wa duniya inda lamarin ya ƙare, a fim ɗinta na tarihi Al'lèèssi... une actrice africaine, wanda aka haska a Cannes a 2005. A ciki an ga Zalika da ƴaƴanta a wani ɗan ƙaramin gida a Yamai, babu famfo babu lantarki. Daga baya sai da ta fita ƙasar waje ta yi aikin gida domin ta ciyar da iyalinta. Sunan Ganda na kan babbar cibiyar al'adu ta CCOG a Yamai, FESPACO kuma na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko. Matar da ta ɗauki nauyin fina-finan a fuskarta ba ta samu ko kusa da haka ba.

Me ya shafi mutanen Diffa?

Tsakanin Yamai da Diffa akwai tafiyar sama da kilomita 1,300 a kan hanyar ƙasa mai lamba 1. Yawancin fina-finan Ganda da Zabarmanci da Faransanci aka yi su, alhali a kwarin Komadugu Barbarci da Hausa da Fillanci aka fi ji. Saboda haka ko a lokacin da Zalika ke tashe, muryarta ba ta isa gabas sosai ba. Da fina-finan Kano suka ɓullo daga 1990, lokacin da aka yi Turmin Danya, sai suka cike gurbin cikin sauƙi: harshen da ake ji a kasuwa, labarin da ya yi kama da na gida, kaset mai araha da ke tsallako iyaka ta Maiduguri.

Amma tambayoyin da tsofaffin fina-finan nan suka yi, kamar don Diffa ta yau aka yi su. Cabascabo na tambaya ne a kan makomar mutumin da ya dawo daga yaƙi bai san inda zai kama ba. Jahar da ta shiga dokar ta-ɓaci tun watan Fabrairun 2015, wadda ke da sansanin ƴan gudun hijira a Sayam Forage da cibiyar tubabbun mayaƙa a Goudoumaria, ta san nauyin wannan tambaya fiye da kowa. Le Wazzou polygame kuwa magana ce ta yarinyar da aka aurar ba da sonta ba, matsalar da ba ta kau daga ƙauyuka da birane ba.

Akwai kuma shaidar cewa labarin gida na iya zagaya duniya. Sani Magori ya ɗauki fim a Galmi a kan manoman albasa, Pour le meilleur et pour l'oignon, a 2008. Aïcha Macky ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta fito da fim ɗin Zinder a 2021. Dukansu an kalle su a manyan bukukuwa a ƙetare. Manomin tattasai a bakin Komadugu, da masuncin tafkin Chadi da rikici ya raba da komarsa, da ɗan kabu-kabun da aka hana hawa babur, duk suna da labarin da ya kai waɗannan. Kyamarar da Ganda ya sha wahalar samu, yanzu tana aljihun ɗalibin jami'ar Diffa.

Abin da tarihin Zalika ke koyarwa shi ne, ɗaukar hoto ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai sha'awar wasa ya kamata ya nemi yarjejeniya a rubuce kafin ya tsaya gaban kyamara, komai kusancinsa da mai shirya fim. Mai shirya fim ya yi rajistar aikinsa a ofishin kare haƙƙin mallaka na ƙasa, BNDA, ya kuma san hanyar da kuɗi zai dawo kafin ya fara kashewa, domin fim ɗin da ake turawa daga waya zuwa waya kyauta ba ya biyan kowa. Hukumar sinima ta ƙasa, CNCN, wadda aka kafa a 2008, na da aikin da za ta iya yi da ɗan kuɗi kaɗan: a fassara tsofaffin fina-finan nan zuwa Hausa da Barbarci, kamar yadda ƴan kasuwar Kano ke fassara na Indiya, a haska su a makarantu da gidajen matasa na jahohi. Adana su ma abin gaggawa ne. Meziko da duk ƙarfin masana'antarta ta yi asarar dubban fina-finai a gobarar da ta cinye ma'ajiyar fim ta ƙasar a watan Maris na 1982.

Saura ƴan kallo. Wanda ya ga mace ta fito a muguwar kishiya har ransa ya ɓaci, to ya sani ta iya aikinta ne, kuma ladan aikin shi ne a biya ta, a mutunta ta tun tana raye. Zalika Souley ta yi nata, ta tafi. Allah ya jiƙanta da rahama.