Bel Ɗin Taimin Na Mota, Da Lokacin Da Ya Kamata A Sake Shi

Ana jawo hankalin Hakimai da malaman ofisoshinsu ga wani abu guda a cikin injin mota wanda ba ya yin gargaɗi kafin ya lalace, watau bel ɗin da makanikai ke kira taimin bel. Taya idan ta suɗe ido yana gani, birki idan ya cinye kunne yana ji. Shi kuwa wannan bel a rufe yake cikin murfi a jikin inji. Yana iya yin aiki lafiya lau da safe, da azahar ya tsinke a kan hanyar rangadi, inda babu gareji.

Ga yadda aikinsa yake. A cikin inji akwai sanduna biyu masu juyawa. Ta ƙasa, karanshaf, fistan ne ke juya ta. Ta sama, kamshaf, ita ke buɗe bawul da rufe su domin iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Bel ɗin roba ne mai haƙora, an ƙarfafa shi da zare, shi ke haɗa sandunan nan, yadda in ta ƙasa ta juya sau 2 ta sama za ta juya sau 1, ba ƙari ba ragi. In ya tsinke, sai ta sama ta tsaya da waɗansu bawul a buɗe, alhali fistan suna ta hawa da sauka. A injuna da yawa, nan take fistan zai doki bawul ya lanƙwasa su, wani lokaci har kan injin ya lalace. Aikin yini guda ya zama na sauke inji ke nan.

Ba kowace mota ke da shi ba. Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sarƙar ƙarfe gare ta, ita kuwa sarƙa takan daɗe, kuma takan yi ƙara in ta saki. Shi ya sa tsofaffin direbobi da suka koyi aiki a kanta ba su cika damuwa da zancen ba. Amma Peugeot 406 bel gare ta. Haka Toyota Camry da Honda Accord masu silinda 4 sun yi amfani da bel, sai Camry ta koma sarƙa a samfurin 2002, Accord kuma a na 2003. Saboda haka sunan mota kaɗai bai isa ba, sai an san injin da ke cikinta.

Ba a jiran alama, lissafi ake bi. Yawancin masu ƙera motoci sun sa wa'adi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, ko shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga cika. Sharaɗin shekaru shi aka fi mantawa. Roba tana bushewa ko da mota tana ajiye a ƙofar fada ba ta zuwa ko'ina. Zafi ma yana rage kwananta. Kamfanin Honda ya sa wa injinsa mai silinda 6 wa'adin mil 105,000, amma ya ce inda ake yawan tuƙi cikin zafin da ya wuce digiri 43 a sake shi a mil 60,000. Mutanen Sakkwato da Maiduguri sun san irin wannan zafi da bazara.

Idan an buɗe, kada a sake bel shi kaɗai. Akwai ƙaramar gargare mai ɗaure shi da waɗanda yake bi ta kansu. In boris ɗin ɗayansu ya cije, sabon bel ma zai tafi. A injuna da yawa shi ke juya famfon ruwa, sai a sake famfon a lokaci guda, tun da kuɗin buɗewa ɗaya ne. A duba kuma ko baƙin mai yana yoyo a wurin, gama mai yana cin robar. Bel na hannu, kome kyansa ga ido, bai kamata a saya ba.

Abin da ya shafi malamin ofis shi ne littafin mota. Lalle ne ya rubuta ranar da aka sa bel, da adadin da agogon tafiya ya nuna, da sunan makaniken, a kuma rubuta haka a jikin murfin, domin direba yakan bar aiki, wanda ya gaje shi bai san kome ba. Motar da aka sayo ta hannu ba tare da irin wannan shaida ba, a ɗauka wa'adinta ya cika, a sake mata bel kafin Hakimi ya yi doguwar tafiya a cikinta, musamman da yake akan mai da agogon irin waɗannan motoci baya.