Shin Ko Kun San? Ƴan Ƙwallon da Ke Cin Rani da Gudu

Ba'adare ba ya bukatar a yi masa bayanin cin rani. Da an ɗaure dammunan hatsi an cika rumbu, sai samarin Tahoua da Keita da Bouza su ɗauki jaka, wasu Abijan, wasu Legas, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. To, ƴan ƙwallon Ostireliya ma a da suna da nasu cin ranin, sai dai su da ƙafa suke yin sa.

• Shin ko kun san ƙwallon nasu ba irin tamu ba ce? Siffar ƙwai gare ta, haka ma filin. Mutum 18 ne kowane ɓangare, ana bugu da ƙafa, ana cafewa da hannu. Babu raga, sai turaku huɗu: ƙwallo ta bi tsakanin na tsakiya maki 6, ta bi gefe maki 1.

• Shin ko kun san tsawon filin yakan kai mita 185? Mai riƙe da ƙwallo kuma dole ya buga ta da ƙasa duk bayan mita 15 alhali yana sheƙa gudu. Don haka ƙungiyoyi ke rububin mai sauri.

• Shin ko kun san kakar wasansu daga Maris take zuwa Satumba? Ke nan damina na ƙarewa a Adar, su ma suna rufe fili. Watannin da namu ke bakin teku suna neman na kai, a cikinsu ne a da ɗan ƙwallon can yakan bi garuruwa yana tseren kuɗi.

• Shin ko kun san uwar waɗannan gasanni ita ce Stawell Gift? Tun 1878 ake yin ta lokacin bikin Ista a Stawell, ƙaramin garin masu haƙar zinariya a jihar Victoria. Mita 120 ce a kan ciyawa, an raba layuka da igiya.

• Shin ko kun san ba a layi ɗaya ake tashi ba? Ana duba tarihin gudun kowa, sai a ba mai rauni rata, gwani a mayar da shi baya. Wanda ya fi kowa sauri yana iya komawa gida hannu rabbana.

• Shin ko kun san a 1952 ƴan ƙungiyar ƙwallo ɗaya ne suka zo na ɗaya da na biyu a Stawell? Lance Mann na Essendon ya lashe, abokin wasansa Norm McDonald, ɗan asalin ƙabilun farko na ƙasar, yana biye da shi. A shekarar Mann ya haɗa da tseren Wangaratta da na Bendigo, uku rigis. Kafin shi Bill Twomey na Collingwood ya ci a 1924, Jack Grant na Geelong a 1938.

• Shin ko kun san ɗan Afirka ne ya fara cin Stawell daga layin ƙarshe? Jean-Louis Ravelomanantsoa na Madagaska, wanda ya kai zagayen ƙarshe na mita 100 a Olamfik ɗin Meziko a 1968, shi ya ba kowa rata a 1975, ya kuma kamo su ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan shekara 30, a 2005, Joshua Ross ya maimaita.

• Shin ko kun san a wannan 1975 ɗin ne Tahoua ta karɓi gasar kokawar gargajiya ta ƙasa ta farko, wadda Kantu na Maradi ya lashe? Kokawa ma wasan bayan kaka ce, ta manomin da ya ajiye hauya. Sai dai fagenta bai san rata ba: ba a auna nauyi, siriri da ƙato duk da'ira ɗaya suke shiga, makaɗa na zuga kowa da kirarinsa. Da Ravelomanantsoa ya leƙo Tahoua a shekarar, da ba sai an yi masa tafinta ba.