Kunya Ba Ta Maganin Sankarar Maraina

Jama'a 'yan kara, mu da ba ma sayen bijimi sai mun duba shi ciki da bai, ga shi mun bar samarinmu suna ɓoye ciwo saboda kunya. Sankarar maraina ta fi kama 'yan shekara 15 zuwa 35. Takan fara da ƙullutu mai tauri, galibi ba zafi, sai a ce gwaiwa ce a nufi wanzami. To, asibiti ne wurin zuwa, a yi hoto da gwajin jini.

Babban tsoron yaro shi ne a ce an fiɗiye shi. Mu kwantar masa da hankali: ƙwaya ɗaya likita ke cirewa, ɗayar kuwa galibi ta isa haihuwa. In an farga da wuri, fiye da 90 cikin 100 suna warkewa.

Da can, daga Gadarif Madani ake kai majinyata, cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira. Da yaƙi ya ci garin a Disamba 2023, nan suka kwararo, magani ya yi wuya. Don haka mu riƙa ware wani abu daga la'ada kowace ranar kasuwa, mu kuma sama wa yaro ɗan rakiya mai riƙe sirri. Allah Ya ba su lafiya, amin.