Idan Kuku Bai Zo Ba: Darasi Daga Wani Gidan Abinci a Amurka



Kusan kowa a cikinmu ya san wani gidan abinci da ya yi suna saboda hannun mutum ɗaya. Ranar da kukun nan ya kwanta ciwo, ko wani ya saye shi da albashi mai tsoka, miya sai ta sauya, masu ciniki kuma su watse. Mai gidan shi ke da gini da tukwane da jari, amma sana'ar tana cikin kan wani. Zan nuna yadda wasu 'yan'uwa biyu suka fita daga wannan ƙangi.

A shekarar 1940 Richard da Maurice McDonald suka buɗe gidan abinci a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya. Mutum yakan tsaya a motarsa, 'yan mata masu hidima su kai masa abinci. Ciniki yana tafiya, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu riƙe ma'aikata ya zama jidali: kuku ya ƙware ya tafi, mai wanke-wanke ya yi kwana kaɗan ya gudu. Da suka duba littafin cinikinsu sai suka ga yawancin kuɗinsu daga abu ɗaya yake fitowa, watau hambaga, niƙaƙƙen naman sa da ake gasawa a sa cikin burodi.

A 1948 suka rufe gidan na wajen wata uku. Suka sallami masu kai abinci mota, suka rage kayan sayarwa daga iri 25 zuwa 9. Suka bar faranti da cokula suka koma takarda da kofin takarda, aikin wanke-wanke ya ragu ƙwarai. Farashin hambaga ya sauko zuwa senti 15.

Babban abin lura yana cikin madafa. Aikin da ƙwararre ɗaya yake yi a da, sai suka yanka shi gunduwa-gunduwa. Wani gashi kaɗai yake yi, wani suyar dankali, wani haɗa burodi da naɗewa, wani karɓar kuɗi. Kowace laba ta nama gida goma ake raba ta, ba ƙari ba ragi. Suka sa aka ƙera musu abin matsa miyar tumatir wanda yake zubo awo guda a kowane matsi, don kada ido ko hannun ma'aikaci ya yanke hukunci. Har a filin tanis na gidansu suka zana fasalin madafa da alli, ma'aikata suka yi ta kwaikwayon aiki a kan zanen, domin a gane inda mutum zai yi karo da ɗan'uwansa kafin a kafa ko murhu ɗaya. Da haka gwanintar ta tashi daga kan kuku ta koma cikin ma'auni da kayan aiki da shirin ɗaki, sabon yaro kuma ya iya nasa yanki cikin ɗan lokaci.

Ray Kroc, mai tallar injin kaɗa madara, ya ziyarce su a 1954, ya buɗe nasa reshe kusa da Shikago a 1955. Ya gane cewa tsarin da ba a rubuta ba shi ma a kan mutum yake zaune. A 1958 ma'aikacinsa Fred Turner ya haɗa littafin ƙa'idojin aiki mai shafi 75, a 1961 kuma aka buɗe makarantar koyar da manajoji. A wannan shekara Kroc ya saye kamfanin kan dala miliyan 2.7, aiki ya ci gaba ba tare da waɗanda suka ƙago shi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin yana da farashi. Sai da aka taƙaita abincin kafin tsarin ya yiwu, kuma ma'aikacin da ake iya maye gurbinsa cikin sauƙi ba shi da bakin neman ƙarin albashi. Wannan ya kamata jami'an ƙwadago da ke zaune a nan su riƙe.

Har wa yau, ba kowane abinci ne yake yarda da awo gaba ɗaya ba. Ɗauki kilishi namu. Mai sana'ar yana iya auna tunkuza da barkono da citta da kanumfari da gishiri, ya rubuta, ya koya wa yara biyu ko uku maimakon ɗansa kaɗai, ya kuma raba fiɗa da shanya da tsoma labu da gashi ga hannuwa dabam-dabam. To amma sanin lokacin da nama ya bushe daidai, wanda yake sauri da hunturu ya yi nawa da damina, takarda ba ta iya ɗaukarsa. Wannan sai yaro ya tsaya kusa da maigidansa, yana taɓa naman da yatsa, har shekara ta zagayo.