Wa ke da alhakin kwashe sharar Dutse, kuma ina take tafiya?

Duk shekara idan damina ta kawo jiki, tambaya guda ce ke yawo a bakin masu shaguna da ma'aikata a Dutse: lambatu ya cushe da leda, wa zai yashe shi? Mai shago ya ce aikin ƙaramar hukuma ne, tunda ita ke yankar masa rasit. Ma'aikacin sakatariya ya ce a'a, na gwamnatin jiha ne, domin motocinta yake gani a kan titi. Kowannensu da gaskiyarsa, sai dai matuƙar ba a bambance inda hannun wannan ya tsaya na wancan ya kama ba, mai ƙorafi zai yi ta kai kukansa ƙofar da ba ita ba, ruwa kuwa ba ya jiran a gama gardama kafin ya shiga shago.

Abin da doka ta ce

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya zayyana ayyukan ƙaramar hukuma filla-filla. Daga ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da makabartu da kula da su, gina ƙananan tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ba da lasisin keke da baro da amalanke. Samar da banɗakunan jama'a da kwashe shara da ƙazanta na cikin jerin a rubuce. Ke nan ta fuskar doka, jujin unguwa na kan wuyan shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa.

Wannan nauyi gado ne. A zamanin En'e, duba-gari mutum ne mai kwarjini: yakan shiga gida ya leƙa randa, ya duba makwarara da masai, wanda aka samu da ƙazanta kuma ya gurfana gaban alƙali. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya maye gurbin En'e da majalisu iri ɗaya a faɗin ƙasa, aikin duba-gari ya koma hannunsu. Jami'an suna nan har yau, akwai ma kwalejin kimiyyar lafiya a Jahun da ke horar da irinsu, amma kwarjinin ya ragu ƙwarai tun da aka daina ganinsu a ƙofar gida.

Gari ɗaya, hukumomi da yawa

Abin da ya bambanta Dutse da Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu shi ne abin da ya faru ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano ta mai da Dutse hedikwata. Ƙaramin gari da ke jingine da duwatsu, fadar Sarki na Garu, ya wayi gari da ma'aikatu da dubban ma'aikata masu neman muhalli. Unguwanni irin su Takur da Gida Dubu da Danmasara suka cika, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗalibai suka ƙaru a kan masu cin abinci a leda. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan dubu 250, kuma an kusa shekara ashirin ana ƙaruwa a kan haka.

Babu gwamnan da zai bar tsaftar hanyar gidan gwamnati a hannun majalisar da ba ta da isassun motoci. Shi ya sa jiha ta kafa nata hukumomin: Hukumar Raya Birnin Dutse, wato DCDA, mai kula da tsari da kyan babban birnin, da Hukumar Kare Muhalli ta Jiha, JISEPA, a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli. Masu shara da ake gani da sassafe a manyan tituna galibi aikin jiha suke yi. Ita kuwa ƙaramar hukuma, ƙasarta ta wuce cikin gari nesa ba kusa ba. Mazaɓu 11 gare ta, kuma Chamo da Sakwaya da Kudai da Karnaya da Dundubus, duk suna da nasu haƙƙin na rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani. Kansilan da ya fito daga ƙauye ba zai yarda a ƙarar da kuɗin majalisa a kan bolar 'yan birni ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

Sakamakon wannan rabo shi ne babban titi ya sha shara, lungun da ke bayansa ya zama maraya. A irin wannan lungu ne yaro ke fitowa da bokitin shara ya juye a kangon da ba a gina ba, ko ya jira hadari ya haɗu ya tuttula a lambatu don ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ba ya kai ta ko'ina sai bakin kwalbati na gaba.

Inda kuɗin ke shiga

A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 ke raba kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin kayayyaki na VAT. A ido kuɗi ne masu kauri. Amma kafin a zo kan shara, an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya a matakin farko, da na ma'aikatan majalisar kanta, da fansho, da kason masarauta. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Abin da ya rage shi ake yi wa rububi tsakanin gyaran famfo da rufin aji da man tifa.

Kuɗin shiga na cikin gida ma yana da nasa ƙulli, wanda ya kamata 'yan kasuwa su sani. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta bai wa ƙaramar hukuma kuɗin shaguna da na tasha da na mayanka da na allunan talla da na kwashe shara. Ta ba ta harajin kasuwa ma, amma ta togace duk kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Wato a babban birni, inda jiha ke gina manyan kasuwanni, majalisa na iya rasa saniyar tatsa mafi nono alhali sharar da ke biyo bayan ciniki tana zuba a unguwanninta. Saboda haka abu na farko ga mai shago shi ne ya karanta sunan da ke saman rasit ɗinsa. Hukumar da ta karɓi kuɗinsa ita ce ta farko da zai tambaya.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗaka da jihohi ba, ta kuma haramta shugabannin riƙo. Jigawa ta yi zaɓen ƙananan hukumominta 27 a watan Oktoban wannan shekarar. Aiwatar da biyan kai tsaye ya yi ta jan ƙafa a matakin tarayya, amma hukuncin ya rage wa shugabannin majalisu wurin fakewa. Zaɓaɓɓen ciyaman ba zai iya cewa shi ɗan aike ne ba, kuma ɗan gari na da damar tambayarsa nawa aka ware wa tsafta a kasafin bana, da nawa aka fitar.

Ga ɗan lissafi don a ga girman aikin. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a Afirka kudu da Sahara na samar da shara kilo 0.46 a rana. A kan wannan ma'auni, kowane mutum dubu 100 na zubar da tan 46 kullum. A ce tifa na ɗaukar tan 5, sawu tara ke nan da ɗoriya, ranar aiki da ranar hutu, kowane sawu da mansa da direbansa da leburorinsa. Tsaftar ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin soja a tsakiyar shekarun 1980, ba za ta iya kwashe tarin kwana talatin a safiya ɗaya ba. Sau da yawa ma abin da aka yaso daga lambatu a jibge shi a gefen hanya, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito.

Masu sarrafa sharar na gaskiya

Idan ana maganar sake sarrafa shara, hankali kan tafi ga ƙasashen Turai, inda kowane gida ke da kwanduna kala-kala. Amma an daɗe ana wannan aiki a ƙasar Hausa ba tare da sisin gwamnati ba. Yaron da ke yawo da buhu da maganaɗisu, da mai tura kura yana kiran a kawo tsohon ƙarfe, su ne matakin farko. Su kai wa ɗan gwangwan, ya aza a sikeli ya biya. Shi kuma ya ware: ƙarfe gefe guda, alminiyam gefe guda, tagulla da batir da roba kowanne da farashinsa. Idan kaya ya cika mota sai a nufi Kano, tafiyar fiye da kilomita 100 ta Kwanar Huguma da Wudil. A can roba ta shiga injin markaɗe, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai su narka ta, ta dawo kasuwar Shuwarin a siffar buta da bokiti da silifa. Ƙarfe kuma ya wuce kamfanonin narka rodi.

Wani kason ba ya ma barin gari. Maƙera na narka gwangwanayen lemo su zuba tukwane da ludaya. Tsohuwar taya ta zama guga da igiya da takalmi. Gorar ruwa ta koma hannun mai zoɓo da kunun aya da mai man gyaɗa, ko da yake nan akwai abin dubawa, domin ba kowace gora ce ake wankewa yadda ya kamata ba. Mafi girma duka shi ne abin da ba a ƙirga shi a matsayin sana'a: toka da ƙasar shara da kashin dabbobi da ragowar abinci, waɗanda manoman kewayen gari ke kwasa a amalanke da rani su kai gona. Da tsadar takin zamani a 'yan shekarun nan, tsohon juji ya zama dukiya.

Sana'ar jari bola na da nata tabon, kuma ba a ɓoye yake ba. Murfin kwalbati da wayar lantarki da kan famfon tuƙa-tuƙa sukan ɓace su bayyana a kan sikeli. Yara na tona bola da hannu tsirara a cikin allurai da fasassun kwalabe, wasu kuma na ƙona waya don ciro tagulla suna shaƙar hayaƙin. Wannan ne ya sa wasu gwamnatoci suka zaɓi hani: Jihar Borno ta haramta harkar a 2023 saboda dalilan tsaro, Abuja ta hana yawon bola a farkon 2025. Borno na da uzurin da ya keɓanta da ita. Amma ga gari irin Dutse, korar 'yan gwangwan na nufin majalisa ta ɗauki nauyin da suke sauke mata kyauta, da motocin da ba ta da su. Abin da ya fi dacewa, kuma yake cikin ikon da doka ta ba ta a kan shaguna da kura da baro, shi ne rajista: fili guda sananne, katin shaida ga kowane mai tara kaya, littafin da ake rubuta wanda ya kawo da abin da ya kawo, da yarjejeniya da shugabannin sana'ar cewa duk wanda ya sayi kayan gwamnati ya rasa wurinsa.

Leda ce ta ɓata lissafi

Duk abin da ke da daraja a sikeli yana samun mai ɗauka. Abin da ya rage a ƙasa shi ne wanda ba shi da nauyi: baƙar leda da ledar fiya wata da robar zuba abinci. Sai an tara buhu-buhu kafin a samu kilo na kirki, don haka yaro ya gwammace ya bi ƙarfe. Ita ce ke toshe lambatu, ita mahauta ke cirowa a dunƙule daga tumbin shanu da awaki, ita ce kuma ke ɓata takin juji, har manomi ya ga gonarsa na tsiro da leda. Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci a 2024. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar tun 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san leda ba ta karanta dokar ba. Haramci ba tare da madadi mai araha ba, wahalar da mai tumatir kawai zai yi.

Abin da ƙaramar majalisa za ta iya ba ya bukatar injin biliyoyi. Idan gida ya ware toka da ragowar abinci daga leda tun daga tsakar gida, kashi mafi nauyi na sharar zai tafi gona a amalanken manomi, tifa ta ɗauki ragowar a sawu kaɗan. Leda mai tsabta da aka tara wuri guda, musamman a kasuwa da tasha da makarantu inda take zuba da yawa, tana iya kai nauyin da mai saye zai turo mota. Masu kamfanonin fiya wata, waɗanda da lasisi suke aiki, ana iya ɗora musu sharaɗin karɓar ledarsu, kuma tsarin ɗora wa mai kaya alhakin sharar kayansa yana cikin manufofin hukumar NESREA ta tarayya.

Jigawa ta taɓa gwada irin wannan aiki na gida-gida ta ci nasara. A watan Oktoban 2022 aka ayyana ta a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta kawar da bahaya a fili a dukkan ƙananan hukumominta. Ba manyan motoci ne suka yi wannan ba. Jami'an ruwa da tsafta na ƙananan hukumomi ne, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da kwamitocin ƙauye, suka bi gida-gida har kowa ya haƙa masai. Waɗannan mutane suna nan, kuma mai unguwar da ya san gidan da ba shi da masai ya san gidan da ke juye shara a lambatu. Abin da ya rage shi ne majalisar Dutse da DCDA da JISEPA su zauna su raba garin a rubuce, titi-titi da lungu-lungu, su liƙa takardar a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, da ranar zuwan mota da lambar wayar jami'in kowace unguwa, tun kafin hadarin watan Yuni ya haɗu.