TSOHUWAR LAND ROVER TA ZAMA KADARA: A KAGORO KUWA NARKA TA AKE YI

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

Duk wanda ya san ƙasar Kagoro kafin kwalta ta yawaita, ya san akwai lokacin da in damina ta sauka, ba motar da ke iya ratsa taɓon gindin dutsen nan sai Land Rover, wadda jama'a ke kira Landirofa. Ita ce motar Di'o, ita ce ta 'yan doka da malaman gona, ita ce kuma 'yan mishan na S.I.M. ke shiga ƙauyuka da ita. Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan tun 1927, amma daga tasha zuwa gonakin citta na wajen Kwoi da Kachia, motar da ke ja da ƙafa huɗu ita ce abin dogara.

Kamfanin Rover na Ingila ne ya fara fito da ita a shekarar 1948. Da yake ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi bodinta da gorar-ruwa, watau alminiyam, wanda ba ya tsatsa. An yi samfuri na biyu a 1958, na uku kuma a 1971. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Leyland ya shiga harhaɗa ta a Ibadan, a zamanin da Peugeot ke harhaɗa tasa motar a Kaduna.

To, a watan Janairu na 2016 aka daina ƙera tsohon samfurin, wanda tun 1990 ake kira Defender, bayan an yi fiye da miliyan biyu. Mota ta cikon miliyan biyu an sayar da ita a gwanjo a birnin Landan cikin Disamba 2015, a kan Fam 400,000. A 2016 kuma kamfanin da kansa ya shiga neman samfurin farko guda 25 don ya sabunta su ya sayar wa masu sha'awa. Har ila yau dokar Amurka ta yarda a shigo da motar da ta shekara 25 ba tare da sharuɗɗan sababbin motoci ba, abin da ya ƙara wa tsofaffin daraja a can.

A nan gida kuwa labarin ya sha bamban. Bodin nan na gorar-ruwa da ya sa motar ta daɗe, shi ne ya zame mata ajali. 'Yan gwangwan sukan saye ta a kan nauyi, su farfasa ta, a kai wa maƙera su narka su zuba tukwane. Inji da giya da akwatin sitiyari sukan ƙare a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Mai motar ya karɓi kuɗin da bai kai na buhunan citta kaɗan ba, ya ɗauka ya rabu da tarkace.

Saboda haka duk mai irin wannan mota a bayan gida, kada ya yi gaggawa. Masu tara tsofaffin motoci abu uku suke fara dubawa. Na farko lambar shasi, don ita ke nuna shekarar da aka ƙera ta. Na biyu shasin kansa da bangon da ke raba inji da direba, domin su ƙarfe ne, su ne ke ruɓewa. Na uku takardun mota, don motar da ba ta da takarda ba ta da ciniki mai kyau. Wadda fitilunta ke tsakiya kusa da juna, a gaban lagireto, ta girmi wadda fitilunta ke gefe, gama sai wajen 1969 aka matsar da su. Fentin asali ko da ya koɗe, da tambarin kamfani, da littafin gyara, da tsohuwar lamba ta zamanin Jihar Arewa ta Tsakiya, duka suna ƙara mata kuɗi.

Amma batun bai tsaya ga kuɗi ba. Motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 an ajiye ta a gidan tarihi na Onikan a Ikko, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Kagoro na karɓar baƙi masu yawa kowace ranar ɗaya ga Janairu don bikin Afan, wanda ya yi suna a zamanin marigayi Gwamna Awan, da ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008. Da Ƙaramar Hukumar Kaura da majalisar masarauta za su sayi Landirofa ko guda ɗaya, tsofaffin makanikai na Kafanchan su tashe ta, da yaran da ke zuwa bikin sun ga irin motar da ta kai iyayensu asibiti da makaranta.

Makanikan da suka san injinta suna tsufa, tukunyar maƙera kuma ba ta jira.